Hannun da Ya Soki Leɓen Zuliha

Duk matar da ta yi 'yanmatancinta a Birnin Damagaram kafin shekarun fari, in ka ga leɓenta na ƙasa baƙi wuluk yana sheƙi, ba sai ka tambaya ba, hannun Barira ne. Sukar leɓe ita ce sana'arta, a wajen kakarta ta gada. Takan ɗaure ƙayar aduwa da zare, ta ƙona gyaɗa a ƙarƙashin kasko ta kankare baƙin hayaƙin, sannan mace ta kwanta ta ɗora kai bisa cinyarta, ita kuwa ta yi ta suka tana shafa baƙin har ya shige fata. Abin ba ya zama har abada. Bayan 'yan shekaru yakan koɗe, a dawo a sabunta, shi ya sa ƙofar ɗakinta ba ta rabuwa da takalman mata.

Ga iya aiki, ga faɗan tsiya. Kafin ta taɓa mace sai ta kafa mata sharaɗi: ta bar yaji da goro, ta riƙa shan ruwa sosai, ta yi ta shafa man shanu har leɓen ya yi laushi. Bayan suka kuwa dokar ta fi tsanani. A rufe baki da gyale, a zuƙi kunu mai sanyi da kara, ban da dariya, ban da ɓare ɓawon da ya fito, kuma man shanu safe da yamma kada a yi fashi. Takan ce suka rabin aiki ce, man shanu shi ne sauran. Wadda ta karya doka ta dawo da kuka, sai ta sha zagi tukuna kafin a duba ta.

Mace ɗaya ce Barira ba ta taɓa ɗora kanta a cinya ba, ita ce Zuliha, 'yarta ta fari. Kun dai san kunyar ɗan fari a wajenmu. Tun da aka yaye ta aka kai ta ƙauyen Dogo wajen kakarta, a can ta girma. Barira ba ta faɗin sunanta, sai dai ta ce "waccan", kuma ko da Zuliha ta yi aure ta dawo gari, gidan wani tela a unguwar Zango, in sun haɗu a biki sai uwar ta kau da kai kamar ba ta gan ta ba. Amma tana ganinta, wallahi tana gani. Ta san babu leɓe mai kyan na yarinyar nan a duk garin, kuma ta daɗe tana jiran ranar da Zuliha za ta aiko wata gwaggo ta roƙa mata. In ta bakin wata roƙon ya zo, babu mai cewa Barira ta yi rashin kunya. Saboda wannan ranar ta cika ɗan tandun fata da man shanu, ta tura shi can ƙarƙashin gado.

Sai fari ya zo. Ruwa ya ƙi sauka, gyaɗa ta ɓace daga kasuwar Dole, shanu suka yi ta faɗuwa a bakin hanya, man shanu ya zama labari. Mutanen ƙauye suka cika gari suna jiran kamiyon taimako, babbar motar da ke kawo jar dawa. Barira ta nannaɗe ƙayoyinta ta ajiye, ta ce ita ba za ta soki leɓen kowa ba tunda babu abin jinya. Tandun nan kuwa, ko ranar da suka ci tuwo gaya ba ta buɗe shi ba.

Cikin waɗanda fari ya koro har da wata Babarbariya daga wajen Gure, sunanta Fanta, wadda awakinta suka ƙare kaf. Ta kafa 'yar bukka a bakin unguwar Garin Malam, ashe ita ma mai sukar leɓe ce. Da ba ta sami gyaɗa ba sai ta riƙa ƙona ƙwallon aduwa, baƙin kuwa ya kama ɗas. Hausarta a karye, muryarta a ƙasa, duk wadda ta kwanta sai ta ce mata "'yata", tana suka tana yi mata waƙar garinsu. Mata ko a cikin yunwa ba sa barin kwalliya, sai takalman nan suka koma ƙofar bukkar Fanta.

Barira ta ji haushi, ba kaɗan ba. Ta ce aikin baƙuwa ai na ganin ido ne, ta ce waƙa ba ta warkar da miki, ta ce za a gani. Duk wannan da sauƙi. Ranar da maƙwabciyarta Jummai ta shigo ta faɗa mata, cikin hira kawai, wai Zuliha ta je an yi mata, kuma a bukkar ma take kwana don Fanta ta kula da ita, Barira na tankaɗe ne. Ta ci gaba da girgiza rariya alhali babu sauran gari a ciki. Kishi ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa yi wa kowa ba. Ba sana'ar ta dame ta ba yanzu. Cinyar ce. Wata can daga Gure ta riƙe kan da ita ba ta riƙe ba tun da aka yaye yarinyar.

Washegari da hantsi sai ga Fanta da kanta ta yi sallama. Ta durƙusa ta gaida Barira, ta ce leɓen yarinyar ya bushe fiye da kima, jikin da ba ya ƙoshi ba ya saurin haɗa miki, ta zaga kasuwa ba ta sami ko ɗigon man shanu ba.

"Yaya Barira, ko kina da ɗan ragowa? 'Yarki ce."

"Wa ya ga man shanu a wannan shekara?" in ji Barira. "Mai aiki ai ita ta san yadda za ta yi da aikinta."

Fanta ta yi godiya ta tafi. Barira ta zauna a bakin gadon da tandun yake ƙarƙashinsa, tana faɗa wa zuciyarta cewa ba mugunta ta yi ba, so take kawai gari ya ga iyakar baƙuwa. Gobe, ta ce, gobe za ta aika. Goben ta zo ba ta aika ba, don ta tuna yadda matar ta ce "'yarki" kamar ita ce mai tuna mata. Jibi ma haka.

Jummai ce ta sake kawo labari: leɓen ya tsage ta gefen hagu, yana fitar da ruwa, Zuliha ko kunu ba ta iya zuƙa. Kafin ta rufe baki Barira ta jawo tandun, ta soke shi a zani, ta fita da rana tsaka ko mayafin kirki ba ta ɗauka ba. Ta ratsa tsakanin manyan duwatsun Birni da masu layin ruwa a bakin famfo, ana gaishe ta ba ta amsawa.

A bukkar ta tarar da abin da take gudun gani. Zuliha kwance, kanta bisa cinyar Fanta, Fanta na yi mata fifita tana waƙar nan a hankali. Barira ta dubi leɓen sau ɗaya, ta san ta makara. Ta miƙa tandun ba tare da ta dubi 'yarta ba.

Fanta ta buɗe, ƙanshin ya cika bukkar. Ta ɗago ta dubi Barira, ta dubi tandun da ke cike har baki, ba ta tambayi inda ya fito ba. Sai ta ɗan matsa, ta tallabo kan Zuliha.

"Zo ki zauna, Yaya. Ke za ki shafa mata."

Babu kowa a wajen, babu mai kai labari. Idon Zuliha na kan uwarta. Ƙafar Barira har ta motsa, sai ta ji abin ya yi mata ɗaci, a ce baƙuwa ce za ta ba ta aron 'yarta. Ta ce ta bar tukunya a wuta, ta juya ta fita. Ba ta ɗora komai ba ranar.

Man ya yi aikinsa, mikin ya haɗe, leɓen ya fito baƙi mai kyau, har Barira a ranta ta yarda hannun matar nan ba na wasa ba ne. Sai dai a gefen hagu, inda ya tsage, baƙin bai zauna ba. Wani ɗan farin tabo ya rage kamar ƙwayar gero. Mata suka yi ta tambaya, Fanta kuwa duk wanda ya tambaye ta sai ta ce hannunta ne ya goce. Ba ta taɓa ambatar man shanu ba. Magana ta zaga gari cewa baƙuwa ta ɓata bakin 'yar Barira, takalma suka dawo tsohuwar ƙofarsu tun kafin gyaɗa ta dawo kasuwa. Da damina ta yi kyau Fanta ta haɗa 'yan komatsanta ta koma Gure, Zuliha ta raka ta tasha tana kuka.

Barira ta ci gaba da sana'arta har idonta ya raunana. Sau da yawa mata na cewa ta kira 'yarta ta rufe mata tabon nan, ai aikin minti kaɗan ne a wajenta. Da abin ya ishe ta, ita da ta shekara da shekaru tana jiran a aiko mata, sai ta aiki Jummai ta faɗa wa "waccan" ta zo. Jummai ta je ta dawo, ta tsaya a bakin ƙofa tana gyara ɗankwali.

"Ta gaishe ki. Ta ce a bar shi haka. Wai shi kaɗai ya rage mata na Inna Fanta."