Malam Haruna Mai Takalmi Ya Rasu, Ku Rage Mana Hotunan Nan

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina ƙoƙarin buɗe shagona a Karaye aka kira ni daga Rogo, wai Malam Haruna mai takalmi ya rasu. Na daɗe zaune da mukulli a hannu, na kasa buɗe kwaɗon.

Tun kafin a kai shi makwancinsa na fara ganin hotunansa a Fesbuk. Wasu daga cikin masu fostin ɗin nan, wallahi ban san inda suka ajiye kunyarsu ba.

Ga wanda bai san shi ba, Malam Haruna ɗinkin takalmi yake yi, kuma ya ƙarar da rayuwarsa yana tattara yaran da aka fitar da rai da su yana koya musu sana'a. Guragu, kurame, marayu. Ni ma ɗaya ne daga cikinsu.

Cutar shan inna ta kama ni tun ina ƙarami, a ƙauyenmu kusa da Tudun Kaya. 'Yan'uwana suna tafiya makaranta da gona, ni ina zaure ina korar kaji. Wata rana Malam Haruna ya zo ɗaurin aure garinmu, ya gan ni, ya nemi mahaifina. Baba ya ce, "Malam, me wannan zai iya?"

Ya ce, "Alhaji, ai da hannu ake riƙe basilla. Hannunsa lafiya lau. Ba ni shi."

Da rawaninsa ya ɗaure ni a bayansa a kan babur har Rogo.

Ba ya barin kowa ya taɓa fata da safe sai ya yi karatu da lissafi. Matarsa, Inna Talatu, ita ke mana tuwo, ba ta taɓa bambanta kwanonmu da na 'ya'yanta ba. Takalmin farko da na ɗinka a karkace ya fito, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Shi ya saka ya tafi masallacin Juma'a, duk wanda ya yi dariya ya ce masa, "Aikin Musa ne, ka zo ya yi maka naka."

Wannan mutumin kuka wulaƙanta.

Ku da kuka zo da motoci da kyamara da kekunan ɗinki, kuka ce tallafi ne. Kuka jera yara a rana, kuka ɗauki hoto, kuna gamawa kuka mayar da kekunan cikin mota, wai sai an kammala rajista. Ina wurin. Zulai, wata kurma a cikin yaran, ta rungume nata ta ƙi saki, sai da aka ɓamɓare yatsunta. Ba ta ji bayaninku ba, ta dai ga an ba ta an ƙwace. Har yau ana rajistar.

Kai kuma mai ɗakin da suke aiki, da gyaɗa ta yi tsada ka ce su fita za ka yi sito, a tsakiyar damina. Malam ya koma rumfar kara a ƙofar gidansa, ruwa na dukan fata yana dukan yara. Yau kai ne ka rubuta "mun yi rashin uba". Haka kake yi wa ubanka?

Da ciwon suga ya kwantar da shi, ƙafarsa ta kumbura, an kira wayoyinku. Ba ku ɗauka ba. Yau duk kun sami caji.

Ganina da shi na ƙarshe, na same shi kwance a tabarma cikin rumfar nan, ya rame, amma idonsa na kan hannun yara. Na fara zagin mutanen nan, ya ɗaga min hannu. "Kai Musa, bar su da Allah. Zagi ba ya ɗinka takalmi. Duba min aikin yarinyar can, tana tsallake ɗinki." Da zan tafi ya riƙe hannuna ya ce, "In ta Allah ta kasance, kada ku bari a mayar da su gida su zauna."

Shi ya yafe. Ni dai zuciyata ba ta kai nan ba tukuna.

Yaran suna nan. Mun yi magana da sauran ɗalibansa na da, na ɓangaren Karaye za su dawo shagona, na Rogo za su ci gaba a rumfar. Mai son taimako da gaske ya san hanyar gidan, ba sai ya sanar da duniya ba.

Allah ya jiƙan Malam Haruna, ya haskaka kabarinsa, ya sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Allah ya ba Inna Talatu da yaran nan haƙuri.

Don Allah duk wanda ya karanta ya yi masa addu'a. Ni ma ku sa ni a ciki, Allah ya sanyaya min zuciya, domin yanzu zan kama hanyar gidan gaisuwa, kuma na san su wa zan tarar a sahun gaba suna miƙo min hannu.