Fitowar da Badaru Ya Yanke

Badaru ɗan Kademi ne, shekara goma sha ɗaya ya yi yana shirya fim. Ba wani suna ya yi ba. Fina-finansa na manoma ne, su gyaɗa, su rikicin iyakar gona, irin waɗanda 'yan kasuwa ke karɓa suna yatsina fuska.

A na ƙarshe akwai fitowar da uwa za ta tallafe kan ɗanta yana jinya. To, a fim ɗin Hausa mace ba ta taɓa namiji, ko da ita ta haife shi a labarin. Sai Badaru ya yi dabara: ƙanensa Anas ya fito a ɗan, mahaifiyarsu Hure ta fito a uwar. Mako biyu ya yi yana lallashinta, don ko hoto ba ta taɓa yarda an ɗauke ta ba.

"Kai dai ba ka da ta ido," in ji ta. "Da tsufana?"

Sau ɗaya ta yi, ta koma kan ɓarar gyaɗarta. Amma ana jibi za a kai fim wurin masu tacewa, tsoro ya kama gwanin dabara, kada a riƙe masa aiki. Ya yanke fitowar da hannunsa, ya goge ta ƙaf. Da damina Hure ta rasu.

Bai ƙara ɗaukar kyamara ba. Ya koma jami'a a Kano da furfurarsa, ya duƙufa kan binciken dokokin tace fim. Yanzu Dakta ake ce masa, yana koyarwa, kuma an ce ya iya.

Binciken ne ya kai shi Ajingi wurin Malam Ɗayyabu, tsohon mai tace fim da ya yi ritaya ya koma noma. Cikin hira Badaru ya ba shi labarin fitowar.

"Tsaya," in ji Malam Ɗayyabu. "Mahaifiyarsa ce ta gaske?"

"Ita ta haife mu, ranka ya daɗe."

"To wa ya ce ka cire? Ni dai da ka faɗa mini, da na bari. Uwa da ɗanta! Kawo mu gani mana."

Baƙin ciki ya tokare Badaru.

"Babu ita, Malam. Ko'ina babu."