Jar Riga Don Goggo

Ƙarar makulli ce a cikin kwanon silba. Ina tsugune a tsakar gidanmu na Tudun Wadan Kaduna da yammacin wata Alhamis, ina tsince shinkafa, sai na ji an jefa wani abu cikin kwanon da ke gefena. Na ɗaga kai, ga baban yara tsaye yana murmushi kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka.

"Hajiyar gida, tashi ki haɗa kaya. Yaya ya yi tafiya, ya bar min motarsa har Talata. Gobe babu aiki, Litinin babu aiki, hutun Ista ne. Ina kike so in kai ki?"

Tun da aka kawo ni gidan nan ba a taɓa yi min irin wannan tambayar ba. Ban ko tsaya tunani ba na ce, "Kafanchan."

Goggona ce a can, ƙanwar mahaifina. Ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyata, ita ta tsaya tsayin daka sai da na gama sakandare. Mijinta ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ya rasu ya bar ta a ɗan gidansu. Autata sunanta ta ci, shi ya sa har yau bakina ba ya iya kiran sunan yarinyar, sai dai in ce takwara. Rabon Goggo da ganinta tun ranar suna, ga shi har an sa ta a makaranta. A tsakanin nan hawan jinin ido ya kama Goggo. Likita ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a yi ta ɗiga magani ko sauran ya daɗe. Wata rana a waya ta ce min, "'Yar nan, duniyar ta koma kamar ina leƙenta ta kafar ƙofa. Ja ne kaɗai bai guje min ba. In za ki kawo min takwarata, ki sa mata jan abu, don in same ta da wuri."

A satin na sayi jan yadi, telan layinmu ya ɗinka 'yar riga mai tattara a ƙugu. Na ninke ta na sa a ƙasan akwati. Tun daga nan kullum da dalili: yau makaranta, gobe a bari a yi albashi, jibi an ce hanya ba lafiya.

Ba mu da halin yawon buɗe ido, shi ma ya sani. Shirin dai shi ne guzuri daga gida, kwana a ɗakin Goggo, in an samu fasinja ɗaya a hanya a ɗauka ya rage mana nauyin mai. Na dafa ƙwai, na soya dankali, na cika jarka da zoɓo. Na ƙulla wa Goggo daddawa da sabulu da man zafi. Samarin nawa, yayyen takwara, aka tura su gidan kakarsu a Unguwar Sanusi. Sannan na kira ta.

"Goggo, gobe in Allah ya yarda kafin la'asar muna wajenki."

Sai na ji wata 'yar siririyar guɗa, irin ta tsohuwar da numfashi ba ya kai ta. "Bari in sa a share ɗaki," in ji ta.

Da safe takwara ta kafe sai ta sa jar rigar. Na lallashe ta, na ce sai mun kusa, kada ta ɓata ta da zoɓo. Ta yarda, amma ita za ta riƙe ledar a cinyarta.

A Unguwar Boro muka samu fasinjar. Wata mata ce mai jiki, da ƙatuwar jaka da hular coci a hannu, za ta gida bikin Ista, ita ma Kafanchan ɗin. Tana shiga ta cika motar da hira.

"Oga, wannan motar taka ce kuwa? Na ga kana neman giya kamar mai laluben silifa a ƙarƙashin gado."

Baban yara ya yi dariya har da dukan sitiyari. "Madam, in kin fi ni iyawa ki dawo nan."

"A'a, ni dai ka kai ni da raina, yarana suna jira. Hajiya, ki riƙa yi mana addu'a daga nan bayan, ni ma ina yin tawa."

Na ji daɗin safiyar nan, kuma wannan ne yake ƙara min ciwo in na tuna. An yi yayyafin farko da asuba, ƙasa tana ƙamshi. Bayan Kujama mangoro ne jibge a bakin titi, mata suna ɗaga faranti. Duwatsu suka fara bayyana, takwara tana nuna su tana tambaya ko akwai masu kwana a kai. Na rarraba ƙwai da yaji, Madam ta ce yajin nan sai na rubuta mata yadda ake yi. Na manta rabon da in zauna wani ya tuƙa ni, babu tukunya a wuta, babu mai kirana.

Mun shiga Kachia ana kiran sallar Juma'a. Ya ajiye mu a inuwa ya tafi masallaci. Da aka idar sai ga shi da wani dogon mutum riƙe da hannunsa, abokinsa ne tun na firamare, yanzu dillalin citta. Mutumin ya leƙo ta taga ya gaishe ni, amma na lura idonsa ya fi daɗewa a kan motar.

"Uwargida, sannu da hanya! Wato da haka za ku wuce ni kamar ɓarayi? Wallahi tallahi, na rantse da Allah ba za ku bar garin nan ba sai kun sha ruwan gidana."

Na ce a hankali, "Malam, Goggo tana jira."

Baban yara ya sunkuyo ya rage murya. "Ba ki ji ya rantse ba? So kike ya yi kaffara saboda mu? Ruwa ne kawai."

A nan ya kama ni. An koya mana tun muna yara, in ɗan'uwanka ya rantse a kanka da abin da ba saɓo ba, ka kuɓutar da rantsuwarsa. Ban san yadda ake musu da sunan Allah ba.

Madam ta sauke jakarta, aka tsayar mata da wata mota. Kafin ta shiga ta dawo ta dafa ƙofata. "Hajiya, in maza suka ce ruwa kawai za a sha, ba a tashi da wuri, na san su. Ki ɗauko yarinyar mu tafi tare, har ƙofar gida zan raka ki. Oga ya same ku can."

Na dubi mijina.

"Haba Madam," ya ce yana dariya, "matar mutum, ga mijinta a tsaye? Yanzun nan za mu biyo bayanki."

Ta kalle ni, ta kalli ledar da ke cinyar takwara, ta girgiza kai ta tafi.

Muna shiga gidan na ga manyan tukwane a kan murhu da mata cike da tsakar gida. Ashe washegari za a ɗaura auren ƙanwar mai gidan. Ruwa ya zama abinci, abinci bai sauka ba sai bayan la'asar, daga nan aka ce ba a bin hanyar nan in rana ta yi sanyi. Wannan kam gaskiya ne, ban ja ba. Na koma bayan ɗaki na kira Goggo.

"Ba komai, 'yar nan. Tuwon ba ya lalacewa, na ɗumama muku da safe."

Asabar tun kafin mu karya na jiyo muryar mai gidan daga zaure. "Na rantse da wanda raina ke hannunsa, ba inda za ka sai an shafa fatiha da kai!" Aka shafa fatiha. Sai motar ta fita ɗauko kujeru, ta dawo, ta fita ɗauko ƙanƙara, ta dawo, ta kwashi dangin ango daga tasha. Ina zaune a kan turmi ina yanka albasar bikin mutanen da ban taɓa gani ba, ina jin tashin injinta da mutuwarsa. Matar gidan mutuniyar kirki ce, ba zan ci haƙƙinta ba. Ta riƙa tsokanata, "'Yar Kaduna, ashe kun iya aiki? An ce mana ku sai danna waya." Da ta ga hawayena ta ce albasar bana mugun zafi gare ta, ta miƙo min ruwa. Na bar ta a haka.

Takwara tana bin gindina da ledarta. "Umma, mun kusa? In sa?"

"Tukuna."

Da na kira Goggo ranar, maƙwabciyarta ce ta ɗauka. Ta ce tun hantsi tsohuwar ta yi wanka, ta sa kwalli, ta sa a fitar mata da tabarma ƙofar gida inda haske ya fi yawa. Duk motar da ta wuce sai ta tambaya wace iri ce. Goggo ta karɓi wayar ta ce, "Kada ki saurare ta, iska nake sha. Biki ai ba a tsallake shi. Ku taya su."

Da yamma aka yi rantsuwa ta uku, ita ce ta kai amarya wani ƙauye. Motar ba ta dawo ba sai safiyar Lahadi, wata a-kori-kura tana janta da igiya. Sun faɗa rami, wani abu ya fashe a ƙasa, baƙin mai ya tsiyaye. Makanikin da ya san irinta yana coci, daga coci kuma sai gidan surukansa, ranar bikinsu ce, wa zai ga laifinsa?

Na samu baban yara a rumfar da ake tara buhunan citta, yana ta kiran lambar makanikin. Ƙaurin cittar har maƙogwaro.

"Malam, ka yi min izini in hau motar haya ni da yarinyar. Mu kwana ɗaya, gobe mu same ka a nan."

"Mutane su ce me? Na zo da iyali gidan mutum sun watse sun bar ni? Kina ganin halin da nake ciki da motar Yaya."

"Idonta ne, Malam. Ba jiranmu yake yi ba."

"Kafanchan guduwa za ta yi? Shi mutumin nan rantsuwa ya yi. Ita Goggon taki ta rantse ne? Ba da kunnena na ji tana ce miki ba komai ba?"

Haka ne, ba ta rantse ba. Goggo ba ta taɓa ɗaure wani da sunan Allah don biyan bukatarta ba. Matar da ta sayar da awarwaronta ta biya min kuɗin jarrabawa, ba ta taɓa ce min ko da wasa "sai kin yi min kaza" ba. Wanda yake neman motar banza ya ambaci Ubangiji sau uku aka ba shi kwana uku, wadda take da haƙƙi ta yi kawaici aka ce ai ba ta matsu ba. Na yi istigfari a kan abin da ya zo min zuciya a rumfar nan, amma ba zan ce ya fita duka ba.

Litinin wajen azahar aka tada motar. Mai ya kusa ƙarewa, Talata akwai aiki, ga Yaya zai dawo. Mai gidan ya rako mu da ƙullin citta, yana cewa mun yi masa komai, Allah ya bar zumunci. Wannan karon bai rantse ba. A mararraba na ga allon da ya nuna hanyar Kafanchan, muka juya masa baya. Takwara ta yi barci da ledar a ƙirjinta. Baban yara ya yi ta ƙoƙarin jana da hira, ya tsaya ya sayo mangoro, ya ce babbar Sallah tana zuwa, da kansa zai kai mu. Na ce Allah ya kai mu.

Goggo kuwa cewa ta yi, "Allah bai nufa ba. Kazar da na sa aka yanka muku, maƙwabta sun ci, ba ta yi asara ba. Ki gaishe min da shi, ya yi ƙoƙari."

Sallah ta zo ta wuce, babu mota. Sai bayan damina na samu ya bar ni, muka hau motar haya daga ni sai takwara. Rigar ta ɗage mata, na warware kalmasar na sake ta. Wannan karon tun daga gida na sa mata.

Mun tarar da Goggo a ƙofar gida kan tabarma, da kwallinta ras a ido. Na yi sallama, ta juyo da fuskarta wajen muryata, amma ta ɗan kauce, tana kallon bangon da ke gefena. Ashe idon ya rufe gaba ɗaya, babu wanda ya gaya min a waya. Ita ta hana.

"Ina take? Miƙo min ita."

Na tura yarinyar gabanta. Takwara ta tsaya ƙyam, ta buɗe tattarar rigar da hannu biyu kamar yadda ta yi ta gwadawa a gaban madubi. Goggo ta laluba ta kamo kafaɗarta. Ta shafa goshinta, ta bi hancin da yatsa, ta taɓa kunnuwan, ta ce, "Kunnen babanki ne, 'yar nan." Sannan ta murza bakin rigar a tsakanin yatsunta. "Masha Allah. Yadi mai laushi."

Ba ta tambayi launin ba.

Takwara ta jira, ta ƙara jira. Sai ta dawo ta ja mayafina, ta kai bakinta kunnena.

"Umma, ba ta kalle ni ba. Ki gaya mata ja ce."