Sabuwar Doya a Gindin Ƙarfen Sabis

Duk wanda ya saba bin hanyar Lokoja daga Abuja ya san ƙarfen sabis ɗin nan mai ja da fari da ke tsaye a kan tudu bayan Yangoji. Abin da matafiya ba su sani ba shi ne akwai mutum kwance a gindinsa. Mahaifin Enoch ne, kuma ya riga ƙarfen zuwa wurin da shekaru masu yawa.

Shi Enoch manomin doya ne, ɗan manomin doya, gajere kakkaura mai taurin kai irin na mutumin da bai taɓa cin abincin kowa ba sai na gonarsa. Yana saurayi aka ce za a gina wa ƙasa sabon babban birni a yankinsu. Ya ga tireloli suna wucewa da siminti, ya ji labarin tituna masu fitilu da gidaje masu hawa-hawa. Birni ya tashi can abinsa. Rabon Yangoji kuwa ƙarar motoci ne, da matan manya da ke tsayawa a bakin titi, su sauke gilashi rabi, su taya doya kamar ta sata ce.

A gidansu Enoch akwai al'ada guda da ba a wasa da ita: ba mai kai sabuwar doya bakinsa sai an kai wa tsoho tasa. Idan doya ta nuna, Enoch zai tono ta farko da hannunsa, ya gasa, ya tsaga, ya zuba manja, ya hau tudu. Zai ajiye ta a kan kabarin, ya tsuguna, ya ba mahaifinsa labarin shekara: wa aka haifa, wa ya rasu, yadda ruwa ya sauka, wane ne ya ci iyakar gonar wane. Sai ya sauko sannan turmin matarsa Naomi zai yi ƙara. Kada ka ce ba ya zuwa coci. Yana zuwa, muryarsa ma ta fi ta kowa tashi wajen waƙa. Fasto ya san da zancen tudu sarai, amma shi ma ana kai masa nasa kason doyar, don haka lokacin sabuwar doya wa'azinsa ya fi karkata ga masu shan burkutu.

To, sai soja suka koma bariki, farar hula suka hau, man fetur ya yi daraja, wayar salula ta shigo ƙasa. Kowace Juma'a manyan Abuja na kwararowa ta wannan hanya za su garuruwansu: 'yan majalisa, daraktoci, 'yan kwangila, kowa da waya manne a kunne. Da sun wuce Gwagwalada kaɗan sai magana ta yanke ɗif. Mutum yana tsakiyar cinikin kwangila, sai ya tsinci kansa yana "halo, halo" da daji! Mutanen Yangoji sun shekara da shekaru suna roƙon rijiyar burtsatse, ba wanda ya ji su. Amma da magana ta yanke wa manya sau biyu sau uku, sai ga motocin kamfanin waya a ƙofar mai gari.

Jagoransu wani matashin injiniya ne, Abdulmajeed, siriri mai ladabi, takalminsa fes. Yana riƙe da wata 'yar na'ura da aka ce da tauraron ɗan'adam take magana. Ya hau tudu yana kallonta, Enoch na biye da shi da fartanya a kafaɗa, ya yi gabas, ya yi arewa, har ya zo ya ja birki daidai kan kabarin.

"Nan ne," in ji shi.

"Nan kam akwai mai wuri, Oga Injiniya," in ji Enoch. "Babana ne kake takawa."

Abdulmajeed ya yi tsalle gefe yana salati. Ya ba da haƙuri, ya ce sai ya tambayi ofis, kuma don ya tambayi ofis ɗin sai da ya tuƙa mota ya koma Gwagwalada inda waya ke kamawa. Aka daidaita: za a matsar da ƙafar ƙarfen kaɗan, ba za a taɓa kabari ba, amma dole shinge ya zagaye shi, don tudun ba shi da faɗi. 'Yan'uwan Enoch suka yi ta zungurinsa ya tsuga wa kamfani kuɗi, ai irin wannan dama ba ta zuwa sau biyu. Shi kuwa abu ɗaya ya nema, mabuɗin get. Aka ɗauke shi maigadi, aka ba shi riga mai tambari da hula. Gari ya yi ta dariya, wai an kawo wa Enoch arziki har gona ya zaɓi kwaɗo da mabuɗi.

Dariyar ba ta daɗe ba. Garin da bai san wutar lantarki ba sai a bakin 'yan siyasa, yau ga janareto a kan tudu yana ruri ba dare ba rana. An sa wa na'urori ɗaki mai iyakwandishan. Naomi ta leƙa sau ɗaya, sanyi ya dake ta, ta fito tana tafa hannu: "Ikon Allah! Ƙarfe yana shan sanyi, mu muna shan zufa." A ɗakin maigadi kuma akwai soket, kuma a duk Yangoji babu wani. Da waya ta yi araha kowa ya saya, ina za a yi caji? Wajen Enoch. Malamin makaranta, mai shagon magani, dillalan doya, har mai gari yakan aiko da tasa haɗe da gaisuwa. Wanda ya yi masa dariya jiya, yau shi ne ke cire hula a bakin get yana tambayar lafiyar iyali. Lokacin zaɓe jam'iyyu biyu suka zo kamfe, kowacce ta nuna ƙarfen da yatsa ta ce romon dimokuraɗiyya ne da ita ta kawo, jama'a kuma suka tafa wa dukkansu.

Shi kansa Enoch ya daɗe bai mallaki waya ba. Cewa yake duk wanda yake son magana da shi, in ya ɗaga murya zai ji. Sai da 'yarsa Janet, wadda ke gyaran gashi a Nyanya, ta gaji ta saya masa wata 'yar ƙarama. Tocilan ɗinta ya fi amfani da shi. Kullum da safe yana share harabar, ya share kabarin tare, ya cire ciyawa. Wallahi a duk faɗin ƙasar nan da wuya a sami ƙarfen sabis mai tsabtar na Yangoji, kuma kamfani har takardar yabo ya ba shi, bai san wa ake yi wa sharar ba.

Matsala ɗaya ce: kabarin yana bayan rumfar janareto, kuma mahaifin Enoch tun yana raye kunnensa ba shi da ƙarfi. Ina amfanin ba tsoho labarin shekara cikin wannan ruri? Don haka ranar sabuwar doya Enoch yakan kashe janareto, ya yi gaisuwarsa cikin natsuwa, ya kunna. Batura ke riƙe na'urorin kafin ya gama, ba wanda ya taɓa lura. A ganinsa ma ba laifi ba ne. Baƙo ne ya zo gonar mutum, in mai gona zai gana da ɗansa, ai baƙo ya yi shiru.

Wata shekara labari ya yi yawa. Janet ta yi aure ta haihu, an sa wa jariri sunan tsohon. Wasu mutane daga birni sun zo da taswira sun ce rabin fadamar gari ta zama filin rukunin gidaje. Ga rigimar makiyaya, ga taki ya yi tsada. Enoch ya tsuguna ya yi ta zuba, har da hawaye, batura kuwa sun tsufa. Sabis ya ɗauke tun daga Kwali har kusa da Abaji, kuma, don rashin sa'a, daidai lokacin da jerin motocin wani babban mutum ke wucewa yana magana da wanda ya fi shi girma. Kafin Enoch ya kakkaɓe gwiwarsa, wani allo a ofishin kamfani a Legas ya riga ya yi ja.

Ba a yi masa tsawa ba, ba a kira shi ɓarawo ba. Ai zamani ya wuce nan. Cewa aka yi dama kamfani ya sayar da ƙarafansa ga wani kamfani, shi kuma ya ba wani kamfanin aikin tsaro, kuma sabon tsari ba ya buƙatar mutum. Aka rushe shingen waya aka ja katangar bulo mai tsawo, aka ɗora mata waya mai reza. Aka sa ƙofa mai lambobi, wadda ba ta buɗewa sai an turo wa ma'aikaci lamba daga Legas, ga kyamara a sama tana kallon duk mai shiga. Aka gode wa Enoch, aka karɓi riga da hula. Masu cire masa hula suka koma caji wajen wani mai shago da ya sayi ƙaramin janareto.

Rashin aikin bai dame shi ba, gona tana nan. Damina ce ta zagayo, doya ta nuna, sannan abin ya tsaya masa a wuya. Gari ya ɗauki ƙarar turame, ƙamshin sakwara da miyar agushi ko'ina, gidan Enoch kuwa tuwon dawa ake ci kamar ana zaman makoki. Jikoki suna zamewa maƙwabta su dawo da manja a baki, kowa ya yi kamar bai gani ba.

"Baban Janet," in ji Naomi, "ka ajiye masa a bakin katanga mana. Ai ya san halin da ake ciki."

"In kin kawo mini abinci, a bakin titi kike ajiyewa?" in ji shi. 

Ya shiga mota ya je Abuja, ofishin kamfanin, gini mai gilashi. Wata budurwa mai fara'a ta ce ƙarfen ba nasu ba ne yanzu, ta rubuta masa lambar da zai kira. Ya dawo ya tsaya a gindin katanga, inda sabis ya cika taf, ya kira. Wata murya ta ce ya danna ɗaya in batun kati ne, biyu in layinsa ya ɓata, uku in yana son waƙa a wayarsa. Ya saurara har ƙarshe, ba a zo kan masu son ganin ubansu ba. Da ƙyar ya samu mutum, ya yi bayani tiryan-tiryan, aka tambaye shi a kan wane layi matsalar take, aka ce an shigar da kokensa, a yi haƙuri. Doya kuwa tana ƙasa, gara ta fara leƙa ta.

Ranar da tankar da ke kawo wa janareto dizal ta zo, wata jif ta biyo ta. Enoch yana gona ya hango, ya yar da fartanya. Wanda ya fito daga jif ɗin Abdulmajeed ne, ya yi tumbi, furfura ta fito masa a gemu, yanzu manaja ne mai duba ƙarafan yankin gaba ɗaya. Suka gaisa da daɗi. Enoch ya roƙe shi ya jira, ya ruga gida, ya hura wuta, ya dawo da doya gasasshiya a kwano tana turiri, manja na bin tsagarta.

"Baba Enoch, wallahi ba zan iya shigar da kai ba," in ji Abdulmajeed, yana nuna kyamara da haɓa. "Da sunana kaɗai aka turo lamba. In ka taka ciki, kafin in kai Gwagwalada an sallame ni."

"To kashe wannan janareto kaɗan, in yi magana daga nan," in ji Enoch.

"Wannan ai shi ya kawo mu nan."

Suka yi tsaye, janareto na ruri. Abdulmajeed ya dubi kwanon, ya dubi dattijon da gumi ya jiƙa wa riga, kunya ta kama shi, don bai manta wanda ya fara cewa "nan ne" ba. Ya yi istigfari a hankali, ya miƙa hannu.

"Kawo. Ni dai ajiyewa zan yi, sauran ba ruwana. Wayarka tana da caji? Ba ni lambarka."

Ya danna lambobi, ƙofa ta buɗe, ya shiga da kwano, ta rufe kanta. Jim kaɗan wayar Enoch ta yi ƙara. Muryar Abdulmajeed ce, yana ɗaga ta saboda ruri: ya ajiye doyar, ciyawa ta ɗan rufe wurin amma ya gane shi, ga waya nan zai ɗora a wajen kai, shi zai matsa gefe.

Enoch ya tsuguna a gindin katanga kamar yadda ya saba tsugunawa a can ciki. Tsakaninsa da mahaifinsa bulo ne kawai da rumfar janareto, amma muryarsa sai ta hau ƙarfe, ta je inda take zuwa, ta dawo. Ya shirya labarin shekara tsaf tun a gona, na fadama, na jikoki, na yadda aka yi ya makara. Ya manna wayar a kunne da hannu biyu, ya buɗe baki, duk abin ya gudu. Abin da ya fito shi ne abin da ya ji dubban mutane suna faɗa a bakin get ɗin nan.

"Halo, Baba. Enoch ne. Kana ji na?"

Ya kasa kunne yana jira. Direban tanka, da ya zo wucewa da tiyo, ya rage tafiya, ya bi ta bayansa a hankali don kada ya katse masa waya.