Ɗakin da Ya Tare Motar Baba

Da hantsi labarin ya iso, wata ranar Talata da sama ta yi haske bayan an kwana ana ruwa. Ina zaune a bakin gado ina shayar da jaririyata, ko arba'in ba mu yi ba, sai wayar Inna, uwar mijina, ta yi ƙara a tsakar gida. Ban ji abin da aka faɗa mata ba. Na dai ji salatinta, sannan na ji faɗuwar ludayin da ke hannunta. Maigidana ne ya kira daga asibitin Kankara, yana shaida mana cewa Allah Ya karɓi ran mahaifinsa. Da na ɗaga labule, abin da idona ya fara sauka a kai shi ne motar Baba, tana tsaye a gindin darbejiya, da iska a tayoyinta, da mai a cikinta, lafiyarta lau. Nan kuka ya ƙwace mini.

Ban taɓa kiran sunan surukina ba yana da rai, ba kuwa zan fara yau ba. Mu a gida Baba muke cewa, mutanen gari kuma Malam Direba. Ya yi ƙuruciyarsa yana jan motar hatsi tsakanin kasuwannin Sabuwa da Faskari da Kankara, da baya ya fara ciwo sai ya ajiye tuƙi ya dawo ƙauyenmu da ke bayan Pauwa ya kama noma. Dogo ne, marar yawan magana, kuma ban taɓa ganin ƙasan farcensa babu baƙin mai ba, ko da ranar Sallah.

Motar nan tsohuwar jif ce, irin wadda ƙafafunta huɗu duk suke ja, wadda ake sa wa giyar laka ta ratsa inda wasu motoci ke kafewa. A gwanjo ya samo ta tun kafin a kawo ni gidan. An ce ranar da ta zo babu gilashi ko ɗaya, injin a buhuna yake, shanun huɗa ne suka jawo ta suka shigar da ita ta wani gibi da ke katangar gabas. Mutane sun sha dariya. Shi kuwa amsarsa ɗaya ce ga kowa: "Ba mutuwa ta yi ba, gajiya ta yi."

Sai daga baya Inna ta gaya mini abin da ya sa ya ɗora wa kansa wannan wahala. Duk wanda ya san hanyarmu ya san cewa da zarar damina ta yi nisa, ƙaramar mota ba ta shiga. Wata shekara ƙanwarsa ta kwanta naƙuda, abin ya ƙi, aka ɗora ta a amalanken shanu za a kai ta Kankara, ta cika a hanya. Lokacin yana can Faskari da motar mutane. Bai taɓa ba da labarin da bakinsa ba. Burinsa dai a ce a ƙauyen nan akwai mota guda da laka ba ta hana ta kai marar lafiya asibiti.

To, ga inda na shigo cikin labarin, ba tare da na sani ba. Shekarar da za a yi aurenmu, Baba ya tafi Sabuwa da rani jinyar wansa, ya daɗe. Biki ya matso, babu ɗakin amarya. Inna da 'yan uwan maigidana suka duba gida, suka ga babu wurin da ya fi gibin nan sauƙi, tunda ga bango dama ga bango hagu, rabin aiki ya ƙare. Babu wanda ya tuna da mota, ko kuwa in ce babu wanda ya taɓa yarda za ta sake motsi. A wurinsu ta zama kamar turmi ko rumbu, abin da ake kewayewa a wuce. Baba ya dawo ya tarar da ɗaki har an yi masa daɓe. Inna ta ce ya tsaya ya daɗe yana kallon ɗakin, ya juya ya kalli motar, sannan ya ce a ƙara wa ƙofar tsawo kada amarya ta riƙa buga kai.

Ta ƙofar ɗakin nan na yi shekaru ina kallon aikinsa. Tsakanina da shi sai gaisuwa daga nesa, a durƙushe, kaina a ƙasa, kamar yadda aka koya mini. Amma ido ba ya kunya, na ga abubuwa da yawa. Bayan la'asar yakan shimfiɗa tsohon buhu, ya zuba kalanzir a gwangwani, ya wanke kowane noti ya jera su yadda ya kwance su. Ban taɓa ganin ya doki ƙarfe don haushi ba. In abu ya cije sai ya ɗiga masa mai ya tashi, yana cewa, "A bar shi ya kwana, gobe da kanshi zai sako." In ya ji ɗana na fari yana barci, guduma ba ta ƙara motsi sai yaron ya farka. Akwai lokacin da kazata ta yi kwanci a ƙarƙashin kujerar direba, daidai ranar da ya yi niyyar cire kujerar. Ya haƙura har ta ƙyanƙyashe. Inna ta yi ta tsiya, wai mota ta samu fasinjan farko.

Kayan gyaran ma a hankali ya tara su. In wani zai je Faskari sai ya ba shi tsohon ƙarfe a leda ya ce a nemo masa irinsa. Sau da yawa a kawo wanda ba shi ba, ya yi godiya, ya ajiye, ya jira wani mai tafiyar. Lagireto, wato tankin ruwan da ke sanyaya inji, ya kai aka like, kafireto mai ba inji mai kuwa ya kwance ya wanke har na daina lissafi, kujeru kuwa da hannunsa ya ɗinke su da basilla. Ni kaina, gaskiya, na ɗauka abin rage lokaci ne na tsoho.

Wata Juma'a da safe, bayan kaka, muna sussuka sai muka ji wani tari mai ƙarfi, hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida, awaki suka tsinke igiya. Motar Baba ta tashi. Kafin a jima gida ya cika da maza da yara. Na ga Baba a bayan sitiyari yana dariya har da hawaye, abin da ban taɓa gani ba. Ya sa giya, ta matsa gaba, ya dawo da ita baya. Sai wani dattijo maƙwabcinmu ya ce, "To Malam, Allah Ya yi. Sai dai ta ina za ta hita?"

Aka shiga waige-waige. Yamma zaure ne, kudu da arewa gidajen mutane ne a manne da mu, gibin gabas da ta shigo ta ciki kuwa ya zama ɗakina. Kowa ya juya ya kalli ɗakina. Na saki labule na koma ciki.

Wan maigidana ya ce ai abu mai sauƙi ne, a fitar da kaya a rushe, in zauna wurin Inna kafin a yi wani. Ina jin Baba ya ce, "Iyayen yarinyar ga sun zo sun yi mata jere a ɗakin nan. Nan ta haihu, nan bayanshi aka binne mabiyiyar ɗanta. In tashe ta saboda ƙarhe? Da wane ido zan kalli ubanta?"

Na aika Inna ta ce masa na yarda. Ya ce ya ji. Na aika maigidana, ya ce ya ji. Duk Juma'a sai ya tayar da motar, ya matsa gaba, ya dawo baya, ya kashe, don kada batir ya mutu. Abin ya riƙa cin raina. Ran nan na ajiye kunya, na yafa mayafi na je na durƙusa kusa da buhunsa. Shi ne karo na farko da na yi masa magana doguwa.

Na ce, "Baba, don Allah a rushe ɗakin nan. Ni ban riƙe shi a raina ba."

Ya ajiye abin da ke hannunsa, ya ce, "Ɗiyata, na san kin yarda. Amma yardarki ba ta zama rufi a kanki. Bari in gina maki wani tukun. Ran da kika kwana a cikinshi, washegari mota ta hita."

Haka kuwa ya fara. Ya zaɓi wuri kusa da rijiya, ya yi kwaɓi, ya buga tubali da kansa duk da ciwon bayan, 'ya'yansa na taya shi in sun samu sarari. Gini ya kai ga lintal, ya rage rufi da ƙofa. Sai ruwa ya sauko da wuri, kowa ya koma gona, ni kuma ciki ya tsufa. Baba ya rufe kan bangon da ledoji ya ce sai an ɗan samu sararin sama. A tsohon ɗakina na haihu.

Ciwon ajalin ya fara wa Baba kamar zazzaɓi, ya koma ciwon ƙirji, numfashi ya riƙa yi masa wuya. Da safen da abin ya yi tsanani ana yayyafi, hanya ta zama kunu. Maigidana da wansa suka ɗauko diga za su rushe ɗakina don mota ta fita, ni kuma na fara naɗe katifa, jaririya a bayana. Baba yana kwance a ƙofar ɗakinsa, ya ji motsi, ya tambayi mi ake yi. Da aka faɗa masa sai ya yunƙura ya zauna.

Ya ce, "Mai jego na ciki da ɗanyen goyo, ruwa na zuba, za ku yaye mata rufi? Ban yahe ba in kuka taɓa bangon nan. Ku kawo mashin."

Na fito na durƙusa a cikin ruwan ina kuka ina roƙonsa. Bai kalle ni ba, ya ce da Inna, "Maida ta ciki, sanyi zai kama ta." A kan babur aka tafi da shi, an sa shi a tsakiya, maigidana na riƙe da shi ta baya. Sun wuce ta gefen motar da ya ƙarar da ƙarfinsa a kanta. An ce a wasu wuraren sai da aka sauke shi aka goya shi aka tura babur ɗin. A Kankara aka yi masa sutura, domin hanya ba ta bari a dawo da shi ba.

Mutane suna ta ba ni haƙuri, suna cewa kwana ne ya ƙare, ko da jirgi aka kai shi sai ya tafi. Na yarda da haka, ban ja da hukuncin Allah ba. Amma ba zan ɓoye ba, akwai ranakun da nake jin haushinsa, in ce wane irin taurin kai ne wannan. Sai in dubi yarinyar nan da ke cinyata, ko atishawa ba ta yi ba duk daminar, in ji haushin ya kwanta. Mutumin da ban taɓa haɗa ido da shi ba ya zaɓi ya jiƙa a kan babur don kada ni in jiƙa.

Bayan an share makoki, mazan unguwa suka haɗu ba tare da an kira su ba, suka rufa sabon ɗakin, suka kafa ƙofa. Na kwashe kayana na kwana a ciki, kamar yadda ya ce. Washegari aka sa diga. Da ƙura ta lafa, maigidana ya shiga motar, ya yi bisimilla, ya murza makulli. Ta bi ta kan daɓen ɗakina, daidai inda gadona yake a da, ta fita waje. Babu wanda ya yi guɗa. Inna da ke cikin takaba ta leƙo ta ƙofa, ta rufe fuskarta da mayafi.

Ba a yi mako ba aka zo da gudu daga wata unguwa, wata baiwar Allah naƙuda ta ƙi. Motar ta ratsa lakar ta kai ta Kankara, ta dawo da ita da ɗanta a hannu. Da suka tsaya a ƙofar gida uwar matar ta sauko tana tambaya ina Malam Direba, tana so ta yi masa godiya. Baƙuwa ce, daga nesa ta zo wurin 'yarta, ba ta ji labari ba. Maigidana ne ya sauko daga motar ya faɗa mata.

Ya Allah, Kai ne Ka ga abin da bawan nan naka ya nufa, Ka ga kuma abin da ya haƙura da shi. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi. Duk ran da motar nan za ta kai asibiti, Ka rubuta masa ladarsa. Ka ba Inna haƙuri da juriya, Ka haɗa kan 'ya'yansa, Ka raya jikokinsa a kan halinsa. Yadda ya ƙi yarda a bar ni babu rufi, ya Ubangiji, kada Ka bar shi babu inuwa ranar da babu wata inuwa sai taka. Amin.