Halliru da Tamburan Tagulla

Malam Halliru Rabe maƙwabcina ne a unguwar Levenshulme. Shekara goma sha tara yana aiki da wata ƙungiyar makaɗan Turawa ta Manchester, irin wadda mutum tamanin da huɗu ke zama su yi kiɗa ɗaya. Shi ba ya kiɗa. Shi ke jera kujeru, ya loda kaya a mota, ya sauke. Na taɓa duba masa agogo: minti ashirin da shida, kowace kujera a gurbinta.

A Kano aka haife shi, gidan masu haɗa ganga. Karatu ya kawo shi Ingila, karatun ya tsaya, aikin ya riƙe shi.

A 2012 hukumar birni ta rage wa ƙungiyar tallafi. Masu ɗaukar kaya biyar suka koma biyu, aka ce ƙarshen wata za a sake sallamar ɗaya. Kowa ya san Halliru ne, shi ne mai furfura.

Ana haka suka je wasa Birmingham, na bi shi. Kwana uku ruwa bai ɗauke ba, tsohuwar motar kayan tana yoyo. Saura minti hamsin a fara, Tomas, mai kaɗa manyan tamburan tagulla huɗu, ya buga ɗaya. Sai ka ce an mari jiƙaƙƙen buhu. Fatar maraƙi ce, ta sha danshi ta saki.

Tomas ya kama ɗaure noti da ƙarfi. Halliru ya riƙe masa hannu.

"Kai Tomas, za ka yaga ta! Fata ba a yi mata dole, lallashinta ake yi."

"To lallashe ta, tsoho, matarka ce," in ji Tomas.

Halliru ya ɗauko hita biyu na ɗumama ɗaki, ya ajiye su taku uku nesa da tamburan. Yana juya tamburan, yana shafa su da tafin hannu, yana ƙwanƙwasawa kunnensa a kan fatar, yadda babansa ke yi a bakin wuta. Minti talatin da ɗaya.

Da suka fara, tsikar jikina ta tashi. Ashe mutum tamanin da huɗu na iya numfashi tare. Da Tomas ya saki tamburan kuwa, a haƙarƙarina na ji su. Ikon Allah, har na manta da agogo.

Ana gama tafi Tomas ya ja manajan ƙungiyar gefe, ya ɗora masa hannu a kan fatar, ya ce aikin Halliru ne. Da sauran ɗuminta.

Ba a sallami Halliru ba. Kwana ɗaya dai aka cire masa daga ranakun aikinsa na mako.

"Ranar nake hutar da bayana," in ji shi.