Sifanar Araha da Albasar Kawu

A shekarun da zan ba da labarinsu, ni saurayi ne ɗan asalin Gummi, mai ƙarfi a jika da girman kai a zuci, wanda mahaifinsa ya kai shi Anka koyon kanikanci. Yau furfura ta gama da kaina, ba na iya karanta lambar da ke jikin sifana sai da tabarau. Saboda haka na ga ya dace in rubuto wa wannan mujalla abin da ya same ni a farkon sana'ata, ko Allah ya sa wani ya amfana.

Garejin maigidana ba gini ba ne, inuwar wata tsohuwar tsamiya ce a bakin hanya, da 'yar rumfar kwano inda ake kulle kaya. Har yanzu idan na shaƙi warin baƙin mai a ƙasar da aka yi wa yayyafi, can zuciyata take komawa. Da hantsi Bafillatana mai fura takan sauke ƙwaryarta a gindin bishiyar, mu sha da hannuwa baƙi ƙirin, direbobi suna zolayar juna a kan motar wa ta fi tsufa. Kayan aikin maigidana kuwa babu biyu da suka fito gida ɗaya, a hankali ya tara su, kowane ƙarfe da tarihinsa. Al'adar makanikai a wancan zamani ita ce, wanda aka yaye ya sayi ƙarafa kaɗan masu nagarta, ko da na hannu ne, saura kuma ya riƙa aro wajen na gaba da shi har Allah ya hore masa. Ran da maigidana ya yaye ni, wannan wasiyya ya yi mini. Na amsa da baki, amma a raina na ƙudura cewa ba zan koma garinmu ina yawon aro kamar wanda bai gama koyo ba.

Da na isa Gummi na nufi shagon wani mutumin kudu mai sayar da kayan gyara, wanda ya daɗe a garin har Hausa ta zauna a bakinsa. Ya shimfiɗa mini kaya iri biyu. Gefe guda wasu sifanoni ne 'yan ƙalilan, masu nauyi, marasa kyan gani. Ɗaya gefen jan akwati ne cike fal, da sifana kowace lamba, da filaya, da sukudireba, suna walƙiya kamar azurfa, kuma kuɗinsa bai kai na waɗancan ba. Mutumin bai ɓoye mini komai ba. Ya ce akwatin na masu gyaran keke ne da ɗaure-ɗauren cikin gida, ranar da ya haɗu da notin da ya ci wuta zai ba ni kunya. Ni kuwa na ɗauka dabarar ɗan kasuwa ce, yana son ya tura mini mai tsada. Na saɓa akwatina na bi ta tsakiyar kasuwa domin kowa ya gani. Inna ta shafa murfinsa ta sa mini albarka, na kafa rumfa na fara karɓar kekuna da babura, abin yana tafiya lafiya.

Ina da kawu, ƙanen Inna, mai noman albasa a fadama bakin gulbi. A shekarar nan ya sayar da sansa na huɗa ya sayi injin ban ruwa, ya faɗaɗa gonar fiye da abin da jigo zai iya shayarwa, da niyyar idan albasa ta yi ya mayar da san. Tana fara ƙwai sai injin ya soma hayaƙi, ƙarfinsa ya ragu. Akwai wani dattijon bakanike a garin wanda kowa yake kai wa irin wannan aiki, amma Kawu ya wuce rumfarsa ya sauke injin a gabana, ya ce ba zai kai wa bare ba alhali ɗan 'yar'uwarsa ya dawo da sana'a.

Ciwon injin ƙarami ne, buɗe kansa kawai za a yi a sake zoben fistin. Sai dai notukan sun sha zafi da tsatsa sun kafe. Na ɗora sifanata mai ƙyalli na danna, sai bakinta ya buɗe kamar na kifi, ta zame ta cinye kusurwar notin. Na ɗauko wata, ita ma haka, har kan notin ya zama mulmulalle. Rumfar dattijon nan ba ta da nisa, daga inda nake durƙushe ina hango ta. Amma ga mutane sun taru suna kallo, ga jan akwatina a buɗe, sai na ji tashi zuwa aro ya fi ƙarfina. Na ɗauki kurfi da guduma na ce zan kwance shi da duka. Kurfin ya goce ya sauka a jikin injin, wanda ƙarfensa goran ruwa ne mai gautsi, ya tsage shi tun daga sama har ƙasa.

Aka nemi madadin abin da na fasa a Gummi da Bukkuyum da Anka, ba a samu ba. Mai shagon nan ne ya aika Sakkwato, can ma aka ce sai an jira kaya daga kudu. Muka koma ga jigo da guga, maza da mata da yara, tun sanyin safiya har faɗuwar rana. Na ja ruwa har tafin hannuna ya fashe, amma hannu ba ya yin aikin inji. Fangulan albasar da ke nesa da gulbi suka fara rawaya, ganyen ya kwanta, fiye da rabin gonar ya ƙone muna ji muna gani. Kawu bai zage ni ba, bai kai ƙarata wajen Inna ba. Wata rana muna tsaye a kan busassun fangulan, ya dube ni ya ce, "Ɗana, inji kam ana samun wani. Amma mi yah hana ka aro?"

Da kayan suka iso, da kaina na ɗauki injin zuwa rumfar dattijon. Ya tarbe ni da dariya, yana tambaya ko ni ne mai jan akwati, sunan da ya bi ni shekaru. Ya ɗiga kananzir a kan sauran notukan, ya ce mu sha fura tukuna, daga baya ya sa wata baƙar sifana ya kwance su kamar da wasa. Ya ce da na zo aro, da ya tambaye ni abin da zan buɗe, da kuma ya gaya mini dabarar kananzir ɗin nan tun kafin in taɓa guduma. A ranar na gane hikimar al'adar da na raina. Ta hanyar aro ne manya suke sanin aikin da sabon hannu ya karɓa, su gyara masa tunani kafin ya yi wa mutane ɓarna. Kawu bai iya mayar da sansa ba. Damina bayan damina, dattijo kamarsa yana bin maƙwabta yana aron san huɗa, saboda ni na ji kunyar aron sifana. Allah ya jiƙansa, duk da haka da rani ya zagayo, a gabana ya sake sauke injinsa.

Ina ganin samarinmu na yau masu buɗe rumfunan gyaran babura, kasuwa kuwa ta cika da akwatuna masu ƙyalli fiye da na zamaninmu. Ban ce kowane kayan araha banza ne ba, kowa da ƙarfin aljihunsa. Abin da nake roƙonku shi ne, ku fara da kaɗan mai ƙwari, ku saurari mai shago idan ya gaya muku iyakar kayansa, kuma kada ƙafarku ta yi nauyin zuwa rumfar na gaba da ku. Wanda ya sauke injinsa a gabanka, abincin gidansa na shekara ya damƙa maka, kuma idan sifanarka ta zame, shi da iyalinsa ne za su kwana da yunwar.